Ramin da ke Gindin Ƙafa ta Uku

Samarin da ke zuwa garejina a Talata Mafara suna neman in saka su aikin awon gada, duk magana ɗaya ce a bakinsu. Sun hango mu daga saman kwalta muna zaune cikin jirgi, an ɗora wani akwati mai gilashi a cinya, ana kallo ana rubutu, sai suka yanke cewa aikin hutu ne. Wani ma ya ce mini ai wayar hannunsa ta fi akwatin wuyar sha'ani. Ban yi masa gardama ba, don gaskiya ya faɗa. Danna na'urar a yini ɗaya ake koyonsa. Abin da zan rubuta a nan shi ne sauran aikin, wanda ba a hangowa daga sama.

Ni ba injiniya ba ne, dillalin yashi ne. Da jakan kawuna biyu na fara, ina ɗebo yashi daga gulbi ina kai wa masu gini cikin gari. Daga baya na yi tsohuwar tifa guda, yau ina da huɗu da jirage uku. Wanda ya koya mini gulbi shi ne Baba Mande, masunci ne gaba da baya, mutumin wani ƙauye kusa da Dakko. Shi ya nuna mini inda ake tsayawa a jirgi, da yadda ake kafa gora ba ta fizge ka ba, da yadda ake gane zurfi daga launin ruwa. Shi ya koya mini yashi. Yashin da ya shekara da shekaru a wuri yana da tauri, in gora ta buge shi za ka ji bugun ya dawo har kafaɗarka. Wanda ruwan bana ya kawo kuwa, gora shigewa take kamar an soka ta a buhun gero. Baƙon yashi yake kiransa, shi ne kuma muke so mu masu sayarwa, don shebur ba ya shan wuya a kansa. Da Allah ya buɗa mini, sai na ɗauke shi ya riƙe mini jiragen. A gaban mutane Alhaji yake kirana. In mu biyu ne cikin jirgi, Garba.

Gadar da zan ba da labarinta tana kan hanyar da ke kawo mutanen ƙauyukan gefen Maradun kasuwar Mafara. Ba zan faɗi sunanta ba, mutanen wurin sun san ta. Tsohuwa ce, ba babba ba, ƙafafu huɗu gare ta a cikin gulbi, kowace ƙafa tana zaune a kan tushe na kankare da aka binne cikin ƙasa. Muhimmancinta shi ne in babu ita sai an zaga ta hanyar daji wajen Gidan Goga, hanyar da a shekarun nan ba mai bin ta sai wanda ya rasa yadda zai yi. Ramin da nake ɗibar yashi yana ƙasa da gadar kaɗan, nisan da in ka ƙwala kira daga can, na kan gada zai ji. Na zaɓi wurin ne don yana kusa da kwalta, tifa ba ta kafewa, a yini sai a yi sawu biyu fiye da na sauran dillalai.

Aikin farko da na yi da na'ura da kaka ne, an gama yankan gero, ruwa ya fara kwantawa. Wani injiniya mai suna Sahabi ya zo daga Gusau, kamfanin da aka ba duban gadoji ne ya turo shi, yana neman jirgi da wanda ya san gulbi. Aka nuna masa ni. Siririn mutum ne mai yawan tambaya, ba ya jin kunyar cewa bai sani ba. Ya buɗe bayan mota ya fito da kayansa: akwatin mai gilashi, batirin mota, doguwar waya, da wani abu kamar gwangwanin madara da ake ɗaurewa a bakin sanda a tsoma cikin ruwa daga gefen jirgi. Gwangwanin nan shi ne baki, shi ne kunne. Yana aika ƙara zuwa ƙasan gulbi, ƙarar da mutum ba ya ji, ta bugi ƙasa ta dawo, akwatin ya duba daɗewar da ta yi ya rubuta zurfi. A gilashin sai ka ga ƙasan ruwan ya fito kamar zanen tudu da kwari.

Baba Mande ya daɗe yana kallon kayan, sannan ya ce, “Yallaɓai, tun da abin ga yana gani har ƙasa, ni mi zan yi da gorata?”

“Ka riƙe mana jirgi da ita, Baba. Na'urar ba ta iya iyo ba.”

“To madalla, ashe dai ba a kore ni ba.”

A ranar injiniya ya bayyana mini abin da muke nema. Ruwa in ya bugi ƙafar gada ba rabuwa kawai yake ya wuce ba. Wani sashensa nutsawa yake ƙasa, ya riƙa juyi a gindin ƙafar yana kwashe yashi, har ya haƙa rami. Muddin ramin bai kai tushe ba, gada tana nan daram. In ya kai, ya fara shiga ƙarƙashin kankaren, ƙafar ta zama tana tsaye a kan ruwa. Daga sama ba za ka ga komai ba, kwalta lafiya, ƙarfen gefe lafiya, mota tana wucewa kamar kullum. Aikinmu shi ne mu san zurfin ramin kowace ƙafa, mu gwada shi da na bara.

Kafin a fara awo sai an gwada na'urar ita kanta, wannan shi ne abu na farko da masu gaggawa ke tsallakewa. Injiniya ya manta faifan ƙarfen da yake gwaji da shi, sai muka ari murfin tukunya wurin wata mai shinkafa da wake a bakin gada, muka ɗaura masa igiyar da aka yi wa alama. A sauke murfin mita ɗaya ƙarƙashin gwangwanin, a ga ko akwatin zai ce ɗaya. A sauke biyu, a ga ko zai ce biyu. In ya yarda da igiya, sai a yarda da shi. Har yau murfin tukunya nake aiki da shi, na sayi nawa. Daga nan sai a ja igiya daga ƙafa zuwa ƙafa, an yi mata ƙulli kowace mita, a riƙa tsayar da jirgi a kowane ƙulli har lambar ta daina rawa, a rubuta a littafi. A kewaye ƙafar gaba da baya da gefe biyu. Gaban, inda ruwa ke bugu, nan ne ramin ya fi zurfi, nan ne kuma jirgi ya fi ƙin tsayawa. In mai gora ya saki kaɗan, ruwa zai manna jirgin a jikin kankare ya karkata shi, batiri da akwati da mutane su tafi tare.

Na'urar tana da ƙaryarta, sai ka san ta. Kumfar da ruwa ke yi bayan ƙafa tana rikita ta, ta ba ka lambar da ba ta da kai. Garken kifi in ya ratsa sai ta ce ga ƙasa nan kusa. Itacen da ambaliya ta kawo ya maƙale a ƙasa, sai ta auna bayansa ta ce tudu ne, alhali a ƙarƙashinsa ne ramin ya fi muni. Duk waɗannan Injiniya Sahabi ya san su, ya kuma koya mini su ba tare da rowa ba. Na yi aiki da wasu injiniyoyin da ke zama a inuwa a bakin gulbi su ce in kawo musu littafi su sa hannu. Shi ba haka yake ba, sai ya jiƙe har gwiwa.

Abu ɗaya ne ya dame shi tun farko. Yana so ya zo tsakiyar damina, lokacin da ruwa ke haƙa, amma kamfaninsa ba ya barinsa saboda halin hanya, kuma a lokacin jirgi ba ya iya kusantar ƙafa. Don haka kullum da kaka yake zuwa, ruwa ya kwanta. A shekara ta biyu ya tsaya a kan gada ya daɗe yana kallon ramin yashina, leburori suna ta cika kwanon sarki suna juyewa a tifa.

“Alhaji, raminka ya yi kusa. Duk abin da ka ɗiba a can, gulbi daga nan sama zai kwaso ya cike. Ƙafa ta uku ce a kan hanyarsa.”

Na ce masa za a duba. Ba a duba ba.

Ranar da nake so ku sani a shekara ta huɗu ce. Daminar ta yi ƙarfi, ruwa ya kusa taɓa cikin gadar, duk muna zaton za mu tarar da rami mai ban tsoro. Muka auna ƙafa ta ɗaya da ta biyu, babu wani abu. Muka zo ta uku, wadda kowace shekara raminta ke ƙaruwa, sai akwatin ya nuna zurfin bai ma kai na bara ba. Injiniya bai yarda ba, ya sa aka sake sauke murfi. Na'ura lafiya lau. Muka sake kewayawa, lambar ba ta canza ba. Ya rufe littafi yana murmushi, ya ce mu kai shi baki zai hau sama ya nemi sabis ya sanar da ofishinsu. Ni da Baba Mande muka koma kwance igiya.

A gindin ƙafa ta uku Baba ya kafa gora don ya tsayar da jirgi, sai na ga ya yi taga-taga kamar zai faɗa. Gorar ta shige. Ya zaro ta, ya matsa kaɗan ya sake kafawa, ta sake shigewa.

“Garba, zo kama gorar ga ka ji.”

Na kama na tura. Ta taɓa ƙasa daidai inda na'ura ta ce, amma ba ta tsaya ba. Da hannu ɗaya nake turawa tana tafiya, tsawon gaba guda, gaba guda da rabi, har hannuna ya taɓa ruwa ban ji tauri ba.

“Wanga ba ƙasan gulbi ba na,” in ji shi. “Baƙo na. Karkata ta wajen ƙahwa.”

Na karkata gorar na tura ta wajen tushen. Inda ya kamata ta ci karo da kankare, sai na ji gefenta yana gogar kaifinsa daga sama, bakinta kuma ya wuce ciki. Ta shiga ƙarƙashin tushen.

Ba sai an yi mini bayani ba, yashi sana'ata ce. Ambaliya ta haƙa ramin har ƙarƙashin ƙafar. Da ruwa ya fara raguwa ƙarfinsa ya mutu, sai ya sauke yashin da yake ɗauke da shi ya cike ramin har baki. Na'ura saman yashi take gani, ba ruwanta da tsoho ne ko sabo, ta faɗi abin da ta gani. Amma yashin nan ba ya riƙe komai. Ruwan farko mai ƙarfi na baɗi zai share shi cikin sa'o'i, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

“Hwaɗa mishi,” in ji Baba Mande.

Na ce, “Bari ya sauko.”

A nan sai na tsaya in yi bayanin wani abu, don waɗanda ba su tashi a wannan tarbiyyar ba za su ce me ya hana tsohon ya faɗa da bakinsa. Ni na ɗauke shi aiki, ni na kawo baƙon. A wurinmu wanda aka ɗauka ba ya tsallake wanda ya ɗauke shi ya kai magana gaba, ko da shi ya haife shi. Zai faɗa maka, sau ɗaya ko sau biyu, daga nan maganar ta zama taka. Baba Mande ya sauke nasa nauyin a lokacin da ya miƙo mini gorar.

Injiniya ya sauko yana tattara waya. Kamar yadda ya saba duk ƙarshen aiki, ya ce, “Alhaji, Baba, akwai abin da kuka lura da shi wanda ban gani ba?”

Baba Mande ya sunkuya yana kwashe ruwan jirgi da ƙwarya. Ni kuma abubuwa biyu suka zo mini. Na farko, in na faɗa, za a rufe gadar, kuma ba wanda ya san ranar gyara. Mata masu ciki da masu kai hatsi da masu shanu duk sai hanyar daji. Na biyu, takardar da za ta rufe gadar ita ce za ta ambaci ramina. Shekaru na yi ina gaya wa kaina na farkon ne ya rufe mini baki. Na farkon gaskiya ne, amma da ramina yana can nesa, da na faɗa, in bar masu hukunci su auna hanyar daji da gadar.

Na ce, “Na'ura ta faɗi nata, Yallaɓai.”

Muna cikin loda kaya a mota sai ga motar shanu ta tsaya a tsakiyar gada, Bube ya leƙo daga sama. Bube abokina ne tun muna bin jakai, ɗan gidan mahauta ne a Mafara, yana sayo shanu daga ƙauyukan Maradun shi da yayansa Alhaji Ladan. Ba ya wuce ni bai tsokane ni ba.

“Na-yashi, an auna? Tana ɗaukata da bijimaina ko in sauka in goya su?”

Na ce, “Kai ne nauyin, ba bijiman ba. Wuce, an auna.”

“To ka ji, direba, likitan gada ya ba mu sallama.”

Ya jefo mini goro, motar ta wuce.

Ban zauna haka ba, kuma abin da na yi shi ne kuskure na biyu. Da rani ya yi, gulbi ya bushe sai tafkuna, na ɗauke leburorina na matsa da su ƙasa sosai. Sannan na sa tifofina suka kawo duwatsu daga wajen Garbadu, aka jibge su kewaye da ƙafa ta uku. Wanda ya tambaya sai in ce sadaka ce, mutane suna ta sa mini albarka. Na ga yadda masu kwangila ke zuba dutse a gindin gada, amma ban san sai an tone baƙon yashin an kai ƙasa mai tauri, an cusa kankare ƙarƙashin tushe, sannan a jera dutsen ba. Baba Mande ya zo ya tsaya yana kallo, hannu a baya.

“Garba, ka aza dutse bisa garin tuwo.”

“Ya fi babu, Baba.”

“Ka kira yaron ga na Gusau. Lambarshi tana wayarka.”

Wannan shi ne karo na biyu da ya faɗa. Bai sake ba.

Daminar da ta biyo baya ita ce muguwar shekarar. Aka yi kwana uku ana ruwa a sama wajen Maradun, gulbi ya cika ya yi ja, yana tafe da itatuwa da karan gonakin mutane. Na je na tsaya a kan gadar ranar Litinin da yamma. Duwatsuna ba a ganinsu, sai ruwa yana juyi a gaban ƙafa ta uku, wata ƙatuwar bishiya ta gitta a jikinta. Na sa tafin ƙafa a kwalta na ji tana ɗan rawa. Na ce gobe bayan kasuwa zan kira injiniya. Abin da na yi kawai shi ne na hana tifofina bi ta nan.

Talata da hantsi ina gareji aka kira ni. Ko da na isa mutane sun cika bakin gulbi. Ƙafa ta uku ta zauna, ta nutse kamar tsawon ƙugun mutum ta karkata, shimfiɗar da ke kanta ta rabu da 'yar uwarta ta buɗe baki. Babura da masu tafiya a ƙasa sun yi ta wucewa tun safe ba abin da ya faru. Motar farko mai nauyi ita ce ta shanu. Gabanta ya faɗa cikin tsagar, ta kwanta a gefe, ta zame. Direban ya fita ta taga, aka jefa masa igiya. Wani mai kula da shanun ya kama reshe can ƙasa, ya rayu. Bube yana baya tare da shanun, an ɗaure su ƙaho da ƙaho kamar yadda aka saba. Waɗanda suka gani sun ce ya ciro wuƙa yana yanke igiyoyin. Uku daga cikin shanun sun fita da ransu.

Baba Mande ya sa jirgi a ruwan da bai kamata a sa jirgi ba. Shi ya samo gawar Bube washegari da azahar, can ƙasa wajen Bakura, a wata kwana da gulbi ke ajiye abin da ya ɗauko. Muka yi masa sutura a Mafara bayan la'asar.

Gadar ta rufu da kanta, ba tare da takardar kowa ba. Mutane suka koma hanyar daji, kuma abin da ake tsoro a hanyar ya faru fiye da sau ɗaya kafin a yi gyara. Wato abin da na ce ina gudun musu bai fasa samunsu ba.

Injiniya Sahabi ya iso a kwana na biyar, ya biyo motar kasuwa don kamfani bai ba shi mota ba. Na tarar da shi zaune a bakin gulbi da littafin bara a buɗe, yana bin lambobin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya rame. Bayan mun gaisa ya ce, “Alhaji, na duba sau nawa ban ga inda na yi kuskure ba. Na gwada murfi sau biyu, kana wurin.”

Na zauna na gaya masa komai, gorar, da tushen, da duwatsun. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya rufe littafin.

“Takarda ɗaya ce, Alhaji. Da ka faɗa, da a daren ranar na rubuta ta.” Can kuma ya ce, “Ni ma na san rami yana cikewa, an koya mana. Shekara huɗu gora tana gabana ban taɓa cewa a ba ni ita ba.”

Ya rubuta rahotonsa da ramina a ciki da sunana, na ce masa kada ya rage komai. Aka hana ɗibar yashi kusa da gadar, aka kira ni aka yi mini tambayoyi, na amsa. Na zaci aikina da shi ya ƙare. Da kaka sai ga shi a gareji yana neman jirgi. Ya ce ya fi son wanda ya riga ya san abin da shiru ke jawowa.

Tun daga nan muka canza aiki a duk gadojin da ake tura shi tsakanin Mafara da Bakura da Maradun. Duk ƙullin da na'ura ta auna, gora tana bin sa, a rubuta lamba biyu: inda ƙasa ta fara, da inda tauri ya fara. In gora ta gaza, akwai rodi mai tsini da ake bugawa da guduma. Da damina kuma ba ma jiran kowa ya zo daga Gusau. Ya bar mini akwati ɗaya, mun haɗa dogon bututu da ake ɗaurewa a ƙarfen gefen gada a zura gwangwanin daga sama, ruwa yana cikin haukansa. Aiki ne na mutum huɗu, bututun yana fizga kamar an kama sa, ruwan sama yana dukanka, kumfa tana ɓata rabin lambobin sai an maimaita. In an gama a karanta masa ta waya. Sau biyu lambar ta sa na tare hanya da tifata tun kafin izini ya zo. Direbobi suka zage ni tas, ɗaya ya kama mini wuyan riga. A duka biyun gadar ba ta faɗi ba, har yau akwai masu cewa na ɓata musu kasuwa a banza. Wanda ke son aikin nan ya san da wannan: in ka yi shi daidai, ba abin da zai faru, ba kuma wanda zai gode maka. Kuma na soke tsohuwar al'ada a jiragena. Duk wanda ya ji wani abu a gora, ko jiya aka ɗauke shi, injiniya zai faɗa wa kai tsaye, a gabana ko a bayana.

Ranar addu'ar bakwai ta Bube, kwana biyu bayan zuwan injiniya, na je ƙofar gidansu. An shimfiɗa tabarmi, mahauta da dillalan shanu sun cika wurin. Na durƙusa gaban Alhaji Ladan, yayan nasa, muka gaisa, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ya iyalin da aka bari. Ya amsa duka. Zan tashi sai ya riƙe hannuna, ya yi ƙasa da murya yadda na kusa da shi kaɗai za su ji.

“Garba, kai ka shiga ƙarƙashinta kowace shekara. Bube ya ce mani kai da bakinka ka ce an auna. Ba ka ga komi ba?”

Na ce, “Na gani, Yaya.”

Ya dube ni. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban kawo ba. Ya saki hannuna a hankali ya ce, “Allah shi gafarta muna baki ɗaya.” Ya juya ga wanda ke bayana.

Bai kai ni ƙara ba, ban kuma taɓa jin ya ɗaga maganar a wani wuri ba. 'Ya'yan Bube suna hannunsa, abin da na aika ya karɓa ya ba uwarsu. An gina sabuwar ƙafa, motocin shanu sun dawo hanyar. Duk Talata muna haɗuwa da shi a kasuwa, mu gaisa gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gida da yara da aiki. Amma in damina ta yi nisa, gulbi ya yi ja, yana da shanu a tsallake, ba ya kirana, duk da ya san akwatin yana hannuna kuma da safen na auna. Sai ya ɗauki babur ya tafi har ƙauyen Baba Mande, wanda yanzu idonsa ya yi rauni ba ya shiga jirgi, ya tambaye shi ko a wuce.